Ra'in Aikin Al'ada: Ko Kowace Al'ada Tana da Amfani?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a. A darasin nazarin ɗan Adam da al'adunsa an koya mana wani ra'i da Turawa ke kira fankishinalizim, aka ce ma'anarsa kowace al'ada tana da amfanin da take yi wa masu ita. Abin ya ɗaure mini kai. Har da zargin maita da kaciyar mata? Kuma malaminmu da bakinsa ya ce ra'in ya mutu tuntuni. To me ya sa ake ba mu wahalar karanta shi?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Ruɗanin naki daga kalma ɗaya ya taso, wato "amfani". Bahaushe in ya ce abu yana da amfani, ya yabe shi ke nan. Su kuwa masu wannan ra'i aiki suke nufi: wace rawa al'adar nan take takawa a zaman masu yin ta, da me ta sarƙu, me zai girgiza in aka zare ta. Shi ya sa a aji nake ce masa ra'in aikin al'ada. Dafin maciji ma yana aiki a jiki, amma ba wanda ya taɓa yi masa kirari. Zan zo kan maita da kaciya, sai dai ki bari in fara nuna miki ramin da ra'in ya zo cikewa, don in ba ki ga ramin ba, ba za ki gane abin da ya sa ya burge mutanen zamaninsa ba.

A ƙarni na 19, manyan masu nazarin al'adu a Ingila, irin su Edward Tylor da James Frazer, yawanci daga ɗakin karatu suke aikinsu. 'Yan mishan da fatake da jami'an mulkin mallaka su aiko da labari daga nesa, su kuma su tara su jera. A tsinko al'adar aure daga Ostareliya, a tsinko ta binne mamaci daga Afirka, a ɗora su kan wani tsani da aka zana, wai duk 'yan Adam daga dabbanci suka taso, suka bi ta jahilci, suka kai wayewa, Bature kuma yana can ƙololuwa yana leƙen na ƙasa. Duk al'adar da ba su gane kanta ba sai su ce ɓurɓushin zamanin da ce, ta rasa ma'ana, ana yi ne kawai don an tarar ana yi. Wasu kuma daga baya suka ce al'adu yaɗuwa suke yi daga tushe guda, har aka sami masu cewa kusan duk wayewar duniya daga tsohuwar Masar ta ɓulla. Duka ɓangarorin biyu tarihi suke ƙagawa a inda ba rubutu ba shaida.

A shekarar 1922 littattafai biyu suka fito a Ingila, ɗaya na Bronislaw Malinowski, ɗaya na A. R. Radcliffe-Brown, kuma daga nan ake lissafin haihuwar ra'in.

Malinowski haifaffen birnin Krakow ne na ƙasar Folan, a 1884. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi a Ostareliya a 1914 yana riƙe da takardun daular Ostiriya, wato ɗan ƙasar abokan gaba. Hukuma ba ta tsare shi ba, ta bar shi ya tafi bincike. Tsakanin 1915 da 1918 ya yi kusan shekara biyu a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini. Ya kafa tantinsa a ƙauyen Omarakana daf da gidan sarki, ya koyi harshen har ya daina neman tafinta, ya riƙa bin mutane gona da bakin teku da gidan makoki. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne wata musaya da mutanen yankin ke kira kula. Mutum ya shafe watanni ana sassaƙa masa kwale-kwale, a yi masa ado, a tofe shi da surkulle, ya tara abokan tafiya su ratsa teku kwana da kwanaki cikin fargabar guguwa, su sauka a tsibiri irin Dobu da ake tsoron mutanensa. Me ya je nema? Wata doguwar sarƙar wuya ta jajayen ƙwanson katantanwar teku da suke kira soulava, ko wani farin awarwaron damtse da suke kira mwali. Ba ci ake yi ba, ba a kai su kasuwa, awarwaron ma da yawansu sun yi ƙanƙanta, hannun babba ba ya shiga. Sarƙoƙin suna zagaya tsibiran ta hanyar da hannun agogo ke bi, awarwaron kuma su biyo ta ɗaya hannun. Ba tayi ba albarka. Mai bayarwa jefar da abin yake yi gaban abokinsa kamar bai dame shi ba, a busa ƙahon katantanwa, mai karɓa shi ma ya basar. Ramawa sai wani zuwan, kuma ba mai tilasta masa ya rama da daidai sai mutuncinsa. Wanda ya riƙe abu ya wuce shekara ɗaya ko biyu, an fara yi da shi ke nan cewa marowaci ne. Manyan sarƙoƙin har sunaye gare su, ana ba da labarin hannayen da suka bi.

Malamin ɗakin karatu da ya ji wannan zai ce wauta ce, ko ɓurɓushin wani tsohon ciniki. Malinowski da yake yana wurin sai ya ga ruwa ba ya tsami banza. Abokin kula aboki ne na mutu-ka-raba, shi ne mai masaukinka kuma garkuwarka a baƙon wuri. A inuwar wannan amana ake yin ciniki na haƙiƙa, wanda suke kira gimwali, na tukwane da abinci da sauran kayan masarufi, inda ake ja-in-ja kan farashi, kuma babban zagi ne a ce wane yana yin kularsa kamar gimwali. Sassaƙar jirgi tana haɗa ƙauye aikin gayya ƙarƙashin shugaba. Sunan mutum yana kai wa tsibiran da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. In kin zare kula, siyasa ta motsa, ciniki ya motsa, tsafi ya motsa. Duk matar da ta taɓa rubuta kuɗin biki a littafi, tana lissafin ranar da za ta mayar da ninki, ba ta buƙatar dogon bayani a nan.

Akwai wani misalinsa da nake so ƙwarai. Mutanen Trobriand suna kamun kifi iri biyu. A ruwan gaɓa mai kwanciya, inda ba haɗari kuma samu tabbas ne, ba sa yin wani surkulle. A tsakiyar teku kuwa, inda igiyar ruwa ke iya kifar da jirgi kuma ana iya dawowa hannu rabbana, tsafi ba a magana. Ashe mutanen nan sun san iyakar iliminsu sarai. Inda ƙwarewa ta isa, da ita suke aiki. Inda ta ƙare, fargaba ta fara, nan tsafi ke shigowa ya kwantar da zuciya har mutum ya iya riƙe filafili.

Daga irin wannan ne ya gina ra'insa, cewa al'ada kayan aiki ce da ɗan Adam ya ƙera don biyan buƙatunsa: ci da sha, haihuwa, matsuguni, tsaro, lafiya da makamantansu, sannan waɗannan su haifi wasu buƙatun kamar doka da tarbiyya da shugabanci. A ganina nan ne ya fi rauni. Kowa na jin yunwa a duniya, amma yunwa ba za ta gaya miki abin da ya sa mutumin Trobriand ke noma doya ya zaɓi kaso mai tsoka ya kai rumbun mijin 'yar'uwarsa ba. Amsar tana cikin tsarin danginsu, inda gado ke bi ta wajen uwa, ɗan 'yar'uwar mutum shi ne magajinsa. Malinowski mai ido ya fi Malinowski mai ra'i nesa ba kusa ba.

Shi kuwa Radcliffe-Brown, wanda aka haifa a Ingila a 1881, ya yi nasa binciken a tsibiran Andaman na tekun Bengal daga 1906 zuwa 1908. Zamansa da mutane bai kai zurfin na Malinowski ba, amma ya fi shi tsara tunani, kuma ya sha daga ƙoramar Emile Durkheim, masanin zamantakewa na Faransa. Abin da ya dame shi shi ne yadda al'umma ke ɗorewa alhali mutanen cikinta suna mutuwa ana haifar wasu. Ya kwatanta ta da jiki: aikin zuciya shi ne gudummawar da take bai wa rayuwar jikin gaba ɗaya, haka aikin al'ada shi ne gudummawar da take bai wa ɗorewar tsarin zama. A Andaman ya ga abokai ko 'yan'uwa in sun daɗe ba su haɗu ba, ɗaya zai zauna a cinyar ɗaya, su rungumi juna su yi ta kuka. Haka ake yi ranar sulhu bayan gaba, da ranar aure, da ranar fita daga makoki. Kukan dole ne, ko mutum ya ji a ransa ko bai ji ba. Ya ce ai kukan ne ke sabunta igiyar da ta yi sako-sako, yana dasa wa mutum jin cewa a ɗaure yake da wani.

A 1924 ya rubuta maƙala kan kawu a kudancin Afirka. Wani ɗan mishan mai suna Junod ya ba da labarin cewa a wajen Tsonga na Mozambik yaro yana yi wa ɗan'uwan mahaifiyarsa abin da ya ga dama, ya cinye masa abinci, ya ɗauke masa kaya, ba mai cewa uffan. Junod ya ce wannan ɓurɓushi ne na zamanin da gado ke bi ta wajen uwa. Radcliffe-Brown ya ce ba sai an tono zamanin da ba wanda ya gani ba, a dubi yau. Inda iko da horo ke hannun uba da danginsa, tausayi da sakewa sai su koma ɓangaren uwa, har kalmar da suke kiran kawu da ita, malume, ma'anarta uwa namiji.

Maƙalarsa ta 1940 kan wasan barkwanci ita ce za ta fi yi miki sauƙi, don a cikinta kika girma. Ya ce akwai mutanen da zama ya haɗa su dole alhali asalinsu daban, kamar dangin miji da dangin mata. Irin wannan dangantaka tana ɗauke da kusanci da baƙunta a lokaci guda, kuma rigima na iya tashi kowane lokaci. Al'ummomi suna magance ta ta hanya biyu: ko a sa kunya mai tsanani har a riƙa kauce wa juna, ko a halatta tsokana da sharaɗin ba fushi. Ki duba gidanku. Miji yana sunkuyar da kai gaban surukarsa, amma ƙannen matarsa suna yi masa tsiya son ransu. Kaka tana kiran jikanta mijinta, jikarta kuma kishiya. Taubasai suna bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, a yi dariya a watse. A Nijar wannan wasa ya kai har UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014.

In an tambaye ki bambancin mutanen biyu a jarrabawa, ga shi a taƙaice: Malinowski daga mutum yake farawa, da cikinsa da fargabarsa, Radcliffe-Brown kuma daga tsarin zama. Ba su ma jitu ba. Radcliffe-Brown ya taɓa cewa wannan mazhaba da ake laƙaba masa babu ita, Malinowski ne ya ƙage ta.

To, ga maitarki. E. E. Evans-Pritchard, wanda ya zauna a ajin Malinowski a Landan, ya yi bincike a wajen Azande na kudancin Sudan, littafinsa ya fito a 1937. Ya ba da misalin rumbu. Mutane suna zama ƙarƙashin rumbu don inuwa da tsakar rana, gara kuma tana cin ƙafafunsa a hankali. Wata rana rumbu ya rufto ya danne mutum. Ba'azande ya san gara ce ta ci itacen, ya san zafi ne ya kai mutumin wurin. Tambayarsa ita ce, me ya sa rumbun ya faɗi a daidai lokacin da wane ke zaune, bai faɗi jiya ba da babu kowa? Wannan giɓin maita ke cikewa. Sai a je wajen duba, a ɗura wa ɗan tsako wani dafi da suke kira benge ana ambaton sunaye, mutuwarsa ko rayuwarsa ita ce amsa. Sunayen wa ake kaiwa? Na maƙwabtan da ake da 'yar tsama da su. Saboda haka kowa yana taka-tsantsan kada ya yi rowa ko ya nuna hassada, don kada sunansa ya je gaban kaza. Kin ga aiki: bayanin musiba, da linzami ga mugun hali.

Amma a cikin littafin nan dai akwai wani abu da ya kamata ki ja masa layi. Talaka ba ya zargin ɗan sarauta da maita, kuma duban fadar sarki shi ne na ƙarshe, ba a ɗaukaka ƙara. Ashe tsarin yana aiki, amma ba kowa yake yi wa aiki daidai ba. Wanda aka nuna da yatsa, shi ina nasa amfanin? Wannan ita ce tambayar da ra'in a sigarsa ta farko bai iya amsawa ba, don yana maganar "al'umma" kamar mutum ɗaya ce mai ciki ɗaya. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Robert Merton, shi ya ɗinke wannan ɓaraka a 1949. Ya ce a bambanta aikin da masu al'ada suka sani suke faɗa da wanda ke ɓoye ba su lura da shi ba: Hopi na Amurka suna rawar roƙon ruwa don a yi ruwa, amma ko ba a yi ba rawar ta tara dangin da suka warwatsu. Ya ce al'ada na iya gina wani ɓangare tana rusa wani. Ya kuma ce don abu yana yin wani aiki, ba shi ke nuna cewa shi kaɗai zai iya yin sa ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce amsar kaciyar mata, kuma akwai labari a kanta. A 1929 rikici ya ɓarke a Kenya tsakanin Kikuyu da 'yan mishan na cocin Sikotlan, waɗanda suka nemi mabiyansu su bar kaciyar 'ya'ya mata. Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, ya yi karatu a hannun Malinowski, kuma a 1938 ya fitar da littafi kan Kikuyu wanda malamin nasa ya rubuta wa gabatarwa. Ya ɗauki makamin ra'in ya juya shi kan Turawa. Ya ce kaciya a wajensu ƙofa ce ta shiga girma, a kanta aka ɗora rukunin sa'o'i da tarbiyya da cancantar aure, wanda ya taɓa ta ya taɓa ginin duka. A matsayin bayani, ya yi gaskiya, kuma ya nuna abin da ya sa wa'azin 'yan mishan ya gamu da turjiya. A matsayin hujjar a ci gaba da yi kuwa, maganar ba ta tsaya ba. Zubar jini da wahalar haihuwa da raɗaɗin da yarinya ke ɗauka har tsufanta ba su shiga lissafinsa yadda ya kamata ba. Ga kuma Audrey Richards, ita ma ɗalibar Malinowski, ta halarci bikin shigar 'yan mata girma a wajen Bemba na Zambiya, wanda suke kira chisungu: makonni ana waƙa da rawa da koyarwa da 'yan siffofin yumɓu, yarinya ta fito mace cikakkiya a idon jama'a, ba a sa mata wuƙa ba. Aiki ɗaya, hanya daban. A Kenya ma tun shekarun 1990 ƙungiyoyin mata suka fara shirya bikin girma wanda ake keɓe 'yan mata a koyar da su a yi musu shagali, a bar yankan. Waɗanda suka tsara wannan sun yi tunani ne irin na masu ra'in aikin al'ada, ko sun san sunansa ko ba su sani ba: sun tambayi abin da al'adar ke riƙe da shi kafin su taɓa ta.

Saura batun mutuwarsa. Abubuwa da dama suka taru suka kayar da shi, kuma na farko a cikin hujjarsa yake. Me ya sa al'adar nan take nan? Don tana aiki. Ta yaya aka san tana aiki? Don ga ta nan ba ta ɓace ba. Kin ga an zaga an dawo inda aka tashi. Abin mamaki, Durkheim da suke kira kakansu ya yi gargaɗi tun 1895 cewa sanadin da ya haifi abu daban, aikin da yake yi daban, kada a haɗa. Ra'in zai gaya miki abin da wasan Bakano da Bazazzagi ke yi a yau, amma ba zai gaya miki ranar da aka fara ba, ko abin da ya sa Bazazzagi ne abokin wasan ba wani ba.

Sai tarihi. Garin gudun tarihin ƙage, sai suka watsar da na gaskiya ma. Suna rubutu kamar al'ummar da suka tarar haka take tun fil'azal, komai a daidaice. Evans-Pritchard ya isa ƙasar Nuer, wata al'ummar makiyaya a kudancin Sudan, a 1930, gwamnatin mulkin mallakar Sudan ce ta nemi ya je. Littafinsa na 1940 ya nuna yadda mutanen da ba su da sarki ke zaune da tsari: in an yi kisa, mai kisan ya fake a gidan wani mai alfarma da ke yafa fatar damisa, wanda ba shi da dakaru ba shi da kurkuku, shi zai yi ta kai-komo har a karɓi diyyar shanu arba'in zuwa hamsin. Bayani ne mai ƙayatarwa. Sai dai a 'yan shekarun kafin zuwansa jiragen saman Ingila sun yi wa Nuer ruwan bama-bamai, an kashe babban jagoransu na addini Gwek a 1929. Ya ambaci halin da ya tarar, amma hoton tsarin da ya zana kamar ba a yi wannan ba. Malinowski kansa ya amsa daga baya cewa babban giɓin aikinsa shi ne rashin ba da muhimmanci ga yadda zuwan Turawa ya sauya Trobriand, alhali 'yan mishan da fataken lu'ulu'u suna tsibirin tare da shi. A 1954 Edmund Leach ya nuna cewa Kachin na ƙasar Bama kullum cikin sauyi suke, wani zubin su karkata ga mulkin sarakuna, wani zubin su tayar su koma zaman kowa daidai da kowa, ba wani daidaito da za a ce shi ne asali. A nan gida ma, M. G. Smith, mutumin Jamaika da ya yi bincike a Zazzau a 1949 da 1950, da ya tashi rubuta littafinsa kan sarautar Zazzau sai ya bi ta daga 1800 zuwa 1950, don ba yadda za a fahimci masarautar a tsallake jihadi da zuwan Turawa.

Batun mulkin mallaka kuwa ba a iya share shi. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda ta ɗauki nauyin ɗaliban Malinowski da dama, Gwamna Lugga ne shugaban majalisar gudanarwarta, Luggan nan dai da kika sani. Shi ya rubuta gabatarwar littafin S. F. Nadel kan Nufawan Bida a 1942. Ra'in da ke cewa kowace sarauta da kowace al'ada tana riƙe da zaman lafiya ya yi wa mulki ta hannun sarakuna daidai kamar an gwada. A 1973 Talal Asad ya tattara maƙalu da suka fasa wannan ƙwai a fili. Ni dai ba na cikin masu cewa dukansu 'yan leƙen asiri ne. Da yawansu jami'an mulki ba sa ma karanta abin da suka rubuta, wasu kuma ana yi musu kallon masu ɗaure wa 'yan ƙasa gindi. Amma inuwar da suka zauna a ciki ta hana su ganin wasu abubuwa. Wani makantar ma ba ta mulki ba ce. Annette Weiner ta je Trobriand a 1971, ta tarar mata suna rabon dubban ƙullin busasshen ganyen ayaba da fatari na zare a bukin makoki, dukiya ce da martabar dangi ta rataya a kanta. Malinowski ya ga wannan da idonsa, bai ɗauke shi bakin komai ba, don harkar mata ce.

To malaminku ya yi gaskiya, da wuya yau ki sami masanin da zai ce shi ɗan wannan mazhaba ne. Amma duk wanda ya ɗauki jaka ya je ya zauna da mutane, ya koyi harshensu, ya bambanta abin da suke faɗa da abin da suke yi, ya ƙi yanke hukunci kan al'ada sai ya ga da me ta sarƙu, gadon Malinowski yake ci. Shi ya sa ake karantar da ku. Ni abin da nake hana ɗalibaina shi ne su mayar da shi amsa tun kafin su fita daga ɗaki.

Na taɓa duba kundin wani ɗalibi da ya yi bincike kan lefe a garinsu. Babi biyar, kowanne ya ƙare da jimla ɗaya: wannan al'ada tana ƙara danƙon zumunci. Kai lefe, zumunci. Buɗe akwati, zumunci. Tukuici, zumunci. Na ce masa, malam, in da na ba ka bincike kan dambe ma abin da za ka rubuto ke nan. Na mayar da shi da tambayoyi: wa ya biya, a ina ya samo, wa ke ƙirga turamen, me ake faɗa bayan 'yan kawo lefe sun fita, kuma yaushe aka fara sa shi a akwati. Ya yi wata biyu ya dawo da littafin rubutu cike. Ya samo angon da ya ɗauki adashi biyu ya kuma sayar da babur. Ya samo gidan da aka ari atamfofi aka cika akwati, bayan biki aka mayar wa masu su, kuma dangin amarya sun sani sun yi shiru, don su ma mutuncinsu ake rufawa. Ya samo auren da ya watse kan yawan akwatuna. Ya samo gwaggon da ba a gayyata buɗe lefe ba, ta yi shekara ba ta taka gidan ba. Sannan ya zauna da wata tsohuwa da ta ce masa nata lefen a lefe aka kawo shi, wato kwandon kaba, zane uku ne a ciki, ta lissafa masa yadda aka koma kwalla, aka koma fantimoti, aka zo saitin akwati, da irin mutanen da suka fara kawo kowanne garin. Babin da ya rubuta kan tsohuwar nan shi ne mafi kyau a kundin. Kalmar zumunci sau ɗaya ta fito a ciki, ita ma daga bakin tsohuwar, tana faɗa tana dariya.